Wata huɗu a ajin Turanci na bayan isha'i: abin da tela ya gani

Ni tela ne. A Fagge nake ɗinki shekara 19 ke nan, kuma karatuna na boko a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san daga bakin wa yake jin magana. Wata huɗu ke nan ina zuwa wani ajin koyon Turanci na manya da ake yi bayan sallar isha'i, kuma tun da na fara abokan sana'a ke tare ni da tambaya ɗaya: kuɗin da kake zubawa yana fitowa kuwa? Na gaji da amsawa a bakin shago da allura a baki, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ba zan faɗi sunan wurin ba. Akwai abin da zan yaba, akwai wanda zan kushe, kuma ba na son gobe a ce tela ya ɓata wa wani kasuwa. Wanda ya matsu ya same ni a shago.

Abin da ya kai ni kuwa ciniki ne. Yanzu kusan rabin masu kawo mini ɗinki ban taɓa ganin fuskarsu ba. Daga Abuja ko Legas mutum zai turo awo ta WhatsApp, ya turo hoton irin aikin da yake so a wuya, ya biyo da dogon bayani cikin Turanci. Sai in miƙa wa yaron shagona waya ya karanta mini. Yaron kirki ne, amma ya zama ya san farashina, ya san wanda ya biya da wanda nake bi bashi, ya san har wadda ta zage ni don na saɓa alkawarin salla. Maigida ba ya jin daɗin haka.

Ajin a wata makarantar firamare mai zaman kanta yake, suna hayar ɗaki ɗaya da dare. Litinin zuwa Alhamis, daga ƙarfe 8:30 zuwa 10:00. Fom N2,000, kuɗin wata N8,000. Mu 23 ne a rajista, amma ban taɓa ƙirga fiye da 17 a zaune ba. Akwai masu adaidaita sahu uku, kafinta, wani matashi mai gyaran waya a Farm Centre, 'yan Kantin Kwari biyu, da wani dattijo mai gadi wanda ya fi mu duka zuwa da wuri. Mata nasu ajin daban ne, bayan la'asar.

Bari in fara sauke abin da ke cina. Bencin na yara ne. Mutum mai iyali, da tumbi daidai gwargwado, zai naɗe kamar tabarma, gwiwa na taɓa haɓa, har awa ɗaya da rabi. Ni da na wuni a kan keke ina taka feda, in na tashi daga bencin nan sai na dafa bango. Fanka ɗaya ce, ita ma ado ce. Fitilar sola biyu ke haska allo, kuma wajen ƙarfe 9:30 ɗaya takan fara lumshe ido. Sauro kuwa kamar shi ma ya biya kuɗin fom. Na yi wa mai karɓar kuɗi magana sau biyu, ya ce ana kan gyarawa. Har yau ana kai.

To me ya zaunar da ni? Malam.

Tsohon malamin sakandare ne da ya yi ritaya, fari tas a gemu, yana zuwa a kan wani tsohon babur da ake jin tafiyarsa tun daga kan kwana. Litinin zuwa Laraba karatu ne irin wanda aka sani: karanta wannan, cike gurbi, maimaita bayana. Ranar Alhamis ce tasa ta daban. Ya sa mata suna ranar kowa ya zo da kalmarsa. Duk kalmar Turancin da ta tare maka hanya a cikin mako, a waya ko a rediyo ko a jikin mota, ka kawo ta a warware. Labarin Alhamis ɗaya zan ba ku, domin ita ce ta sa na daina lissafin kuɗin wata.

Gab da babbar salla na ɗinka wa wani Alhaji, ɗan siyasa, babbar riga ta shadda ruwan toka, aikin hannu a gaba. Ya zo gwaji da kansa, rigar ta zauna masa, ya yi murna, na roƙi mu ɗauki hoto ya yarda. Yarona ya ɗora a shafin shago na Instagram. Yabo ya yi ta zuwa. Can a ƙasa sai wani ya rubuta: "Oga tailor dey chase clout." Ni kuma da ɗan karatuna na wata biyu na duba na ce ai wannan na gane shi. Clout, ai cloth yake son rubutawa hannunsa ya goce. Wato tela yana bin yadi. To in tela bai bi yadi ba me zai bi? Na karɓi waya da hannuna na rubuta masa "Yes, thank you." Ina alfahari, amsata ta farko da Turanci ba tare da ɗan aike ba.

Da yaron ya gani sai da ya fita bayan shago don kada ya yi dariya a gabana. Ya dawo yana share hawaye ya ce, "Maigida, ai zaginka ya yi. Cewa ya yi neman suna kake." Raina ya ɓaci. Na sa kalmar a manhajar fassara ta waya, ta ba ni kalma ɗaya tak, wadda ba ta gaya mini dalilin da ya sa abin ya zama zagi ba. Na haɗiye, na jira Alhamis.

Da na ba da labari aji ya fashe. Malam bai yi dariya ba, ko kuma ya ɓoye ta a gemu. Ya rubuta kalmar a allo da manyan baƙaƙe ya ce, "Malam tela, ba ka yi kuskuren da suke zato ba. Ka dai makara ne da wajen shekara dubu."

Ya fara da furuci. Ya ce a haɗa ta da out da shout, baki ya buɗe a tsakiya, klaut, ban da kilot ko kulawut da muke ta yi. Sai da kowa ya faɗa sau uku. Sannan ya ce a tsohon Turancin Ingila, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kalmar tana nufin ƙyalle ne, guntun yadi ko fata da ake yi wa abu maho da shi. Tsumma, in ka ga dama. Ya ja kunnena cewa ita da cloth ba uwa ɗaya ta haife su ba, kama ce kawai da zaman unguwa ɗaya, amma dai dukansu a shagon tela suka taso. Ya kawo wani tsohon karin maganar Turawan Ingila da har yanzu tsofaffinsu ke faɗi, mai cewa kada ka tuɓe clout ɗinka sai Mayu ta fita, wato kada ka yi gaggawar ajiye kayan sanyi. Ɗaya daga cikin 'yan Kwari ya ce mu nan a watan Mayu ko singileti nauyi take yi mana. Ya ce maharba kibiya a can suna da wata gasa da ake kafa alama a ƙasa daga nesa, a harba sama kibiya ta sauko kusa da ita, alamar ma sunanta ke nan. Akwai kuma wata gajeriyar ƙusa mai faffaɗan kai da ake kira clout nail. Kafinta ya ɗaga hannu ya ce wallahi ya san ƙusar, sunan ne bai taɓa ji ba.

Ban san lokacin da na gyara zama a kan bencin nan ba. Kwandon ƙyallaye da ke ƙarƙashin teburina, wanda mata masu yin matashin kai ke zuwa saye, ashe shi ne kakan kalmar da aka zage ni da ita.

Daga nan Malam ya dunƙule hannu. Ya ce tun wajen shekara 600 da suka wuce kalmar ta sami ma'ana ta biyu, duka. Mangari, ko naushi mai nauyi, irin wanda uwa ke kai wa yaro a ƙeya. Har yau a Ingila ana cewa an ba wani a clout a kunne. Nan na kasa haƙuri na ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan mu muka san shi. Yadi da duka ai bugu ke nan." Duk wanda ya taɓa kai shadda wajen masu bugu ya ga yadda suke shimfiɗa ta a kan gungume suna sauke mata tabarya har ta yi ƙyalli, ya san yadi da duka 'yan gida ɗaya ne. Malam ya ce, "Wannan fassarar tela ce. Tana da daɗi, amma kada ka rubuta ta a jarrabawa."

Ma'ana ta uku ita ce ta manya, kuma a nan ya daɗe. Ya ce daga nauyin naushi aka koma nauyin magana. Mutumin da in ya sa baki abu ya motsa, shi ne mai clout. Kuma garin da ya raini wannan ma'ana shi ne Shikago ta Amurka, a tsakiyar ƙarni na 20. Ya ba mu labarin magajin garinsu Richard Daley, wanda ya riƙe kujera daga 1955 har ya rasu a kanta a 1976. A zamaninsa aikin gwamnatin birni, daga shara har ofis, sai ka bi ta hannun ɗan jam'iyya na unguwarku, shi kuma ranar zaɓe ka biya shi da ƙuri'un gidanku. Mutanen garin sukan kira wannan hanya clout, har ma mutumin da ya tsaya maka sukan ce shi ne clout ɗinka. Da Malam ya ƙara da cewa ɗan Daley ma ya zo ya yi magajin gari daga 1989 zuwa 2011, sai dattijo mai gadi, wanda bai cika magana ba, ya ce, "Ashe ba mu kaɗai ba ne." Ya kuma ba mu na 2009, lokacin da jaridar Chicago Tribune ta tono cewa Jami'ar Illinois tana da jerin sunaye na musamman na 'ya'yan da manya suka sa wa baki, ana ba su gurbin karatu ko da wasu sun fi su maki. Kafin shekarar ta ƙare shugaban jami'ar ya ajiye aiki. Kalmar da jaridar ta yi ta amfani da ita a labarin ita ce wannan tamu.

Sai ya juyo ya ce to ku ba ni Hausarta. Nan aji ya zama majalisa.

Wani ya ce iko. Malam ya girgiza kai: iko shi ne power, wani lokaci kuma authority, wanda kujera ko doka ke bai wa mutum. Alƙali yana da shi, ɗan sanda yana da shi, ranar da aka karɓe hula ya tafi. Wani ya ce tasiri. Ya ce wannan ta fi kusa da influence, kuma tasiri yana da sanyi, malamin allo ma yana da tasiri a kan almajirinsa, ruwan sama yana da tasiri a kan farashin gero, amma ba wanda zai ce ruwan sama yana da clout. Wani ya ce kwarjini, ya ce kwarjini a fuska yake, ana iya samun mai kwarjini da ba zai iya samo maka ko takardar haihuwa ba. Mai adaidaita ɗaya ya ce alfarma. Malam ya ce ka matso, amma alfarma ita ce abin da ake yi maka, wannan kuwa abin da mai yin alfarmar yake da shi ne. Ni na ce uwa a gindin murhu. Ya ce irin ta Shikago ke nan daidai, mai ita ba ya cin tuwonsa gaya. Daga ƙarshe dattijo mai gadi ne ya kawo wadda Malam ya ja wa layi biyu a allo: faɗa-a-ji.

Misalin da ya rufe da shi ya zauna mini. Ya ce ku duba kundin tsarin mulkin 1999 daga farko har ƙarshe, ba za ku ga ofishin matar gwamna ko matar shugaban ƙasa ba. Ba ta da authority ko na sisin kwabo. Amma wane kwamishina ne zai ga kiranta ya bar waya tana ƙara? Ya ce tazarar da ke tsakanin abin da takarda ta ba mutum da abin da yake iya sa a yi, a nan kalmar take zaune.

Ya kuma koya mana yadda ake ɗaura ta a jimla, kuma wannan ne abin da manhajar waya ba ta ba ni ba. In ana nufin faɗa-a-ji, ba a ƙirga ta. Ba a cewa clouts, ba a sa mata harafin "a" na Turanci a gaba, kamar yadda ba ka cewa ruwaye uku in kana nufin ruwan randa. Ana cewa mutum has clout, ko maganarsa carries clout, ko a ce political clout, financial clout, na siyasa da na kuɗi. Ƙasa ma tana iya samunta, ƙungiyar ƙwadago ma haka. In ka sa mata "a" ɗin a gaba, ka koma mangari. Ya ce kalmar jarida ce da hira, ba ta takardar neman aiki ba, kuma kada wanda ya kuskura ya rubuta wa babban mutum wasiƙa ya ce ina roƙon ka yi amfani da clout ɗinka, domin tana da ɗan ƙamshin bayan fage.

Har nan ba a zo kan zagina ba. Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne da aka zo wurin sai ya ajiye alli ya ce wannan ta yaran zamani ce, ya kira mai gyaran waya ya ce, "Zo ka koya mana." Malamin da ya yi shekaru yana koyarwa ya koma benci ya zauna, gwiwa a haɓa kamar kowa. Matashin ya ce a intanet kalmar ta koma nufin suna da yawan mabiya, yawan masu dannawa da masu turawa. Ya ce har an taɓa yin wani kamfani a Amurka mai suna Klout, da K, wanda aka buɗe a 2008, yana auna mutum ya ba shi maki daga 1 zuwa 100 gwargwadon yadda ake jin sa a shafukan sada zumunta, aka rufe shi a watan Mayun 2018. Mai chasing clout kuwa shi ne wanda zai yi komai don a kalle shi: ya jingina da mai suna, ya tono faɗa da wanda ya fi shi, ya yi kukan ƙarya a bidiyo. Neman suna dai, ko neman gindin zama. Malam daga benci ya ce ku lura da bambanci, mai faɗa-a-ji na gaske sau da yawa ba ya son a san shi, wannan kuwa a san shi ɗin shi ne duka jarinsa.

Ƙarfe 10:15 muka tashi. Kuma a nan aibin Malam yake, domin mutum shida ne suka zo da kalmominsu a daren, tawa kaɗai aka taɓa. Ɗaya daga cikin masu adaidaita ya zo da wata kalma da ya gani a takardar asibitin matarsa, abin da ya fi nawa muhimmanci nesa ba kusa ba, sai a bakin ƙofa Malam ya duba masa a tsaye da fitilar waya. Ba ranar kaɗai ba. In kalma ta yi masa daɗi ba ya ganin agogo. Wanda yake son a bi manhaja shafi bayan shafi, ko yake shirin wata jarrabawa, zai ji haushi, kuma yana da gaskiya. Rubutu ma an bar shi a baya. A wata huɗu sau uku kacal aka karɓi littattafanmu aka duba, na ƙarshe ya yi mako biyu a jakar Malam. Ba a ba da takardar da za ka tafi da ita gida, abin da ka kwafa daga allo kafin fitila ta mutu shi ne naka. Ni yanzu ina karanta saƙon mai ɗinki in gane kashi mafi yawa, amma in zan mayar da amsa mai tsawo har yanzu sai na kira yaro ya duba mini baƙaƙen.

Wanda bai san baƙi ko ɗaya ba, wannan aji zai yi masa sauri, gara ya fara da ajin yaƙi da jahilci. Wanda kuma yake da ɗan tushe irin nawa, yana jin Turanci sama-sama amma kullum yana tsoron kada a zage shi ya ce na gode, N8,000 ba ta yi yawa ba. Kuɗin ɗinkin kaftani ɗaya ne marar aiki. Ya dai taho da ɗan matashi na zama da maganin sauro na shafawa.

Game da hoton kuwa, na yi niyyar sa yaro ya goge shi. Da na kwanta na yi tunani sai na ga mai zagin bai yi ƙarya duka ba. Riguna nawa na ɗinka a wannan salla, me ya sa ta Alhaji kaɗai na roƙi hoto? Na bar shi. Amsata ta "Yes, thank you" ma tana nan a ƙasa, ban taɓa ta ba. Mutum uku sun zo shago da hoton a wayarsu suna cewa irin wannan aikin suke so, ɗaya har da shaddarsa ruwan toka a leda.

Jiya na biya kuɗin wata na biyar, na sake yi wa mai karɓar kuɗi maganar fanka. Kalmar da zan kai ranar Alhamis tana rubuce a bayan littafin awo. Wata Hajiya ce daga Abuja ta turo tana tambaya ko ina yin bespoke, kuma wannan karon ban amsa mata ba tukuna.